Sa'ad da Barci Ya Ƙi Zuwa

 

Wata ran Lahadi bayan an tashi sujada, wata uwa daga cikin zumuntar mata ta tsaya a bakin ƙofar majami'a har kowa ya watse, sa'an nan ta matso ta ce, "Baba Fasto, ina da magana." Maigidanta ya rasa aiki tun farkon damina. Yara uku suna makaranta, ga kuɗin haya ya kusa. Ta ce wata huɗu ke nan rabonta da barcin kirki. Da ta sa haƙarƙarinta a shimfiɗa sai lissafi ya taso, ta tara, ta ɗebe, ta sāke tarawa, har zakara ya yi cara. Da rana kuwa kai yana sara, ta yi ta faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma abin da ya kawo ta wurina dabam ne. Wata 'yar'uwa ce ta ce mata, da tana da bangaskiya da ta yi barci. Ta tambaye ni da hawaye, "Baba, ko na yi wa Allah laifi ne?"

Na san ba ita kaɗai ba ce. A cikin masu jina yanzu akwai wanda jiya ya kwana yana juyi. Saboda haka bari mu ɗauki wannan magana a hankali.

Mu fara da tambayarta. Ku buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, amma da saƙon Yezebel ya iso masa cewa za ta kashe shi, sai ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙo ya mutu. Me Allah ya yi masa? Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke tashe shi ya ƙara ci. Sai daga baya, can a Horeb, Allah ya yi magana da shi a kan aikinsa. Wanda ya yi jikin nan ya san abin da gajiya da tsoro suke yi masa. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa sura 11, ya lissafta kwana ba barci cikin wahalolin da ya sha, tare da yunwa da ƙishirwa da sanyi, ya kuma ambaci nauyin ikilisiyoyi da yake kansa kowace rana. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? To, mu daina ɗora wa mai kaya wani kaya.

Yanzu bari in bayyana yadda barci yake zuwa. Abu biyu ne suke kai mutum gare shi. Na fari, tun daga lokacin da ka farka da safe, wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarka kaɗan kaɗan, kamar ruwa yana ɗiga cikin tulu. Gwargwadon daɗewarka a farke, gwargwadon nauyin idonka, barci ne kuma yake juye tulun. Na biyu, akwai agogo a cikin jiki wanda yake bin haske da duhu. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda yake sanar da jiki cewa dare ya yi. In tulun ya cika, agogon kuma ya nuna dare, barci yakan zo da kansa, ba sai an je kiransa ba. Babban mutum yana bukatar sa'a 7 zuwa 9 a dare, ko da yake mutane sun ɗan bambanta.

Amma akwai mai gadi kuma. Allah ya sa mana a jiki abin da yake tashe mu in haɗari ya zo. In ka ji motsi a bayan danga da tsakar dare, nan da nan jiki zai saki adrenalin da kotisol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jijiyoyi su ɗaure, ido ya bushe. Wannan alheri ne, gama ba a barci ɓarawo yana tsakar gida. Sai dai mai gadin nan bai san bambancin ɓarawo da bashi ba. Tunanin kuɗin makaranta, ko ɗan da ya bijire, ko sakamakon gwajin asibiti da ake jira, duk ƙaho ɗaya yake busa musu. Ɓarawo yakan tafi kafin asuba, bashi kuwa yana nan gobe, yana nan jibi.

Yawanci irin wannan rashin barci yakan wuce cikin 'yan kwanaki ko makonni in abin ya lafa. To, me ya sa na waɗansu yake zama daram? Wani masani a Amurka, Arthur Spielman, ya bayyana a 1987 cewa abin da yake tsokano rashin barci dabam, abin da yake riƙe shi dabam. Damuwa ce takan kunna wutar, mu ne kuwa muke ƙara mata itace ba da saninmu ba. Mutum ya kwana biyu bai runtsa ba, sai ya ce yau zan kwanta da wuri in rama. Ya hau gado da ƙarfe takwas, tulun bai cika ba, ya yi sa'a uku yana juyi. Da safe ya makara, da rana ya yi dogon barci, ya tashi ya tauna goro don ya iya aiki. Da dare kuma ido biyu. Bayan 'yan makonni ƙwaƙwalwa ta koyi sabon darasi, wato gado wurin lissafi ne da fargaba. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a kan benci lokacin wa'azi (na sha ganinku, ban kuwa yi fushi ba), amma da ya shiga ɗaki ya kwanta sai barci ya ƙaurace masa. In abu ya kai nan, ko an biya bashin, tsoron kada a sāke kwana ido biyu ya isa ya hana barci.

Saboda haka ne a 2016 wata babbar ƙungiyar likitoci a Amurka ta ba da shawara cewa a fara yi wa mai daɗaɗɗen rashin barci magani ta hanyar gyara ɗabi'unsa da tunaninsa, kafin a kai ga ƙwaya. Ga yadda abin yake.

In ka kwanta, ka ga kamar minti 20 sun wuce barci bai zo ba, ka tashi daga shimfiɗar. Kimantawa za ka yi, kada ka duba agogo, gama duban agogo wani lissafin ne. Ka zauna wani wuri da ɗan haske mara ƙarfi, ka yi abu mai kwantar da rai, karatu ko addu'a a hankali ko ɓarar gyaɗa. Sai ido ya yi nauyi ka koma. In bai zo ba kuma, ka sāke tashi, ko sau nawa ne. Wani masani mai suna Richard Bootzin ne ya tsara wannan dabara a 1972, har yau kuwa ana aiki da ita. Manufarta ita ce a sāke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gado na barci ne. Nakan tuna da Sarki Ahasurus a Littafin Esta sura 6. Daren da barci ya ƙi masa, bai yi ta kokawa da duhu ba, sai ya sa aka kawo littafin tarihin mulkinsa aka karanta masa. Ba a faɗa mana ya sami barci ba, amma a cikin karatun nan ne ya tarar da alherin Mordekai wanda ba a sāka masa ba. Na san da yawa cikinmu ɗaki ɗaya muke da shi, da mata da yara duka. Kujera 'yar tsugunno kusa da ƙofa ta isa, ka lulluɓa saboda sauro.

Abu na biyu ya fi wannan wuya. Ka tsai da lokacin tashi guda ɗaya, ka riƙe shi kowace rana, ko da sa'a uku kaɗai ka samu a daren. Ka tashi ka fita hasken safiya, gama hasken nan ne yake saita agogon jiki. Da dare kuma kada ka hau gado sai ka ji barci da gaske. Makon fari za ka ji jiki, har ka ce wannan malamin rediyo ya cuce ni. Ka daure, tulun ne yake cika. In rana ta yi zafi kamar na watan Afrilu, dole sai ka ɗan kishingiɗa, kada ya wuce rabin sa'a, kada kuma ya kai la'asar. Amma direba da ɗan acaɓa da mai farfaɗiya su nemi shawarar likita kafin su rage lokacin kwanciyarsu.

Dattawa, ku gafarce ni, zan taɓa goro. A cikinsa akwai kafein, irin wanda yake cikin kofi da ganyen shayi da Coca-Cola. Aikinsa shi ne ya toshe wurin da adenosin yake zama, sai tulun ya cika amma kai ba ka ji ba. Jiki yakan ɗauki wajen sa'a 5 kafin ya rage rabinsa. Wato goron da ka ɓare da ƙarfe huɗu na yamma, rabin ƙarfinsa yana jikinka da ƙarfe tara na dare. Ban ce ku bari ba, ku dai tsaya da shi kafin azahar. Haka kuma shayi mai kauri a teburin mai shayi da dare. Wayar hannu ma a ajiye ta nesa da matashi. Haskenta yana ruɗin agogon jiki, amma abin da ya fi haskenta ɓarna shi ne labaran da suke cikinta. Wanda ya kalli hoton tashin hankali a WhatsApp da ƙarfe goma ya tashi mai gadinsa da hannunsa.

Sai damuwar kanta. Ba ta jin kora, amma takan yarda a ba ta lokaci. Da yamma, tun kafin lokacin kwanciya, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da yake damunka, a gefensa kuma ka rubuta ɗan matakin da za ka ɗauka gobe. A wani bincike da aka buga a 2018 daga Jami'ar Baylor ta Amurka, an raba matasa 57 kashi biyu. Waɗanda suka yi minti 5 suna rubuta ayyukan da suke jiransu sun riga sauran yin barci da wajen minti 9. Ƙaramin bincike ne, amma ya yi daidai da abin da muka sani, wato zuciya takan yi ta nanata abin da take tsoron mantawa. Wanda ba ya rubutu ya faɗa wa matarsa ko mijinta ko wani amini. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu mu miƙa wa Allah damuwarmu. Ni shawarata, a miƙa ta da sunanta ɗaya ɗaya a lokacin addu'ar iyali, fitila tana ci. In ta dawo da ƙarfe biyu na dare, ka ce mata an riga an rubuta ki, sai da safe.

A nan zan ce wani abu ga shugabannin ikilisiya. Kwanan addu'a abu ne mai kyau ga mai lafiya wanda ya zaɓa. Amma ɗan'uwan da ya yi wata uku ba ya barci, kada a matsa masa ya zo kowace Jumma'a har gari ya waye. A yi masa addu'a da yamma, a sallame shi ya tafi gida.

Game da ƙwaya kuwa, na roƙe ku kada ku je kemis ku sayi diyazefam, wato Valium, da kanku. Takan kawo barci a farko, amma cikin 'yan makonni jiki ya saba, guda ɗaya ta daina isa, ran da aka bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da dā. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke farat ɗaya, gama yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage masa sannu sannu. Giya da burukutu su ma mayaudara ne. Sukan kwantar da mutum da sauri, sa'an nan su tashe shi da tsakar dare.

Akwai lokacin da ya kamata a je asibiti ba da ɓata lokaci ba. In rashin barci ya kai dare uku a mako har wata uku, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai bukatar kulawa. In mai gida yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana tsayawa sa'an nan ya farka kamar an shaƙe shi, uwargida ce za ta gani, ta faɗa masa, gama wannan yana tafiya da hawan jini. In yawan fitsari ne yake tashe ka, a gwada sukari, dattijo kuma a duba mafitsararsa. Waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu, suka gudu daga garuruwansu, suna ta mafarkin abin, su ma akwai taimako dominsu. In kuwa kana farkawa tun kafin asuba da baƙin ciki mai nauyi, abinci ba daɗi, har kana roƙon mutuwa kamar Iliya, kada ka kwana da wannan kai kaɗai. Ka faɗa wa wani yau, ku tafi wurin likita tare.

Ita uwar nan da na ba ku labarinta, na ce mata, "'Yata, ba ki yi wa Allah laifi ba, kin gaji ne." Muka zauna muka bi waɗannan abubuwa ɗaya ɗaya. Ashe shayi take dafawa da dare don ta sami ƙarfin ɗinki. Ta mai da shi safe, ta tsai da tashi ƙarfe biyar da rabi, ta sami wani tsohon littafin rubutu na ɗanta ta mai da shi na lissafin yamma. Na kuma yi magana da shugabar zumuntar mata, suka haɗa kuɗin makarantar yaro ɗaya. Bayan mako uku ta ce mini tana samun sa'a biyar, wani dare shida, wani daren kuma har yanzu sai ta tashi ta zauna a bakin ƙofa. Maigidan bai sami aiki ba tukuna, ku riƙa tunawa da su cikin addu'a.

Allah ya ba mu alheri. Mu kwana lafiya.