Tagar Intanet a Cikin Manhajar Waya: Riba da Hatsari ga Ɗan Kasuwa

Maiduguri: Tun daga ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon shekarar 2023, 'yan kasuwa da dama a unguwar Moduganari da sauran sassan Maiduguri suka rungumi ciniki ta wayar salula. Mai babban shago da ya nemi a haɗa masa manhajarsa ta kansa yakan ji farashi iri biyu, mai tsada da mai rahusa. Galibi bambancin yana ga abu guda: ko a gina kowane shafi daga tushe, ko a buɗe wata taga a cikin manhajar wadda za ta riƙa nuna shafin intanet na kamfanin.

Wannan taga ita ce ake kira WebView a wayoyin Android, kamfanin Apple kuwa ya fito da WKWebView a 2014. Mai saye yana ganin kamar yana cikin manhaja, alhali abin da ke gabansa daga intanet ake jawo shi a lokacin. Sau da yawa shafin Paystack ko Flutterwave da ke buɗewa yayin biyan kuɗi da katin banki ta irin wannan taga yake fitowa.

Ribar a fili take. Shafi ɗaya ya wadatar da Android da iPhone, saboda haka ba sai an biya ladan aiki sau biyu ba. Haka kuma idan farashin buhun shinkafa ya tashi da safe, za a gyara shi a shafin, kowa ya gani nan take, ba tare da jiran mai saye ya sauke sabuwar manhaja ba. A zamanin hauhawar farashi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai taga ba ta nuna komai in babu layi, sai in an yi mata tanadi na musamman. Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a yi musu bayani a kan haka: a watan Mayun 2013 an katse layukan waya a Jihar Borno bayan kafa dokar ta-ɓaci, sannan a Janairun 2021 birnin ya faɗa cikin duhu na tsawon watanni sakamakon lalata turakun wutar lantarki. Ko da akwai layi, in ya yi rauni shafin yakan yi nauyi. Shi kansa Mark Zuckerberg ya amsa a 2012 cewa dogaro da fasahar shafukan intanet wajen gina manhajar Facebook babban kuskure ne, kamfanin kuma ya sake gina ta.

Batun amana ya fi wannan nauyi. Tagar ba ta cika nuna adireshin shafi ba, kuma mai manhajar yana da ikon ganin abin da ake rubutawa a cikinta. Wannan ne ya sa Google ya hana shiga asusunsa ta irin waɗannan tagogi. A Agustan 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa manhajojin Instagram da TikTok suna cusa nasu umarni cikin shafukan da aka buɗe ta cikinsu. Apple kuma yana ƙin karɓar manhajar da ba komai ba ce illa shafin intanet da aka yi wa riga, wanda hakan na nufin kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Don haka ya dace a raba aikin tun a takardar yarjejeniya. Jerin farashi, sanarwa da sharuɗɗan ciniki za su iya zama a taga. Biyan kuɗi a bar wa kamfani mai lasisin Babban Bankin Nijeriya. Amma littafin bashi da lissafin kayan da ke rumbu, waɗanda yaron shago zai buɗe ko da layi ko babu, a gina su a cikin wayar kanta. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, mai shago ya kashe data ya gwada kowane shafi da hannunsa.