Kula da kwamfutoci da bayanan bincike a jami'a

Kula da kwamfutoci da bayanan bincike aiki ne da jami'a take yi domin malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku su samu na'urori masu ƙarfi, da intanet, da wurin ajiya, da shawara kan tsara bayanan da suka tattara. Manufarsa ita ce kada bayanan su salwanta, ko su zama babu mai gane su bayan mai binciken ya bar jami'a.

Abin da aikin ya ƙunsa

Aikin yana haɗa ɓangarori uku: cibiyar kwamfuta mai kula da na'urori, da ɗakin karatu mai kula da adanawa, da kwamitin da ke tabbatar da cewa bincike bai keta haƙƙin mutane ba. Jami'in da ke daidaita su yana taimaka wa mai bincike ya tsara tun farko inda zai ajiye bayanai, da wanda aka yarje wa ganinsu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ajiye kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam.

A Kano da Zariya

Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar fasahar sadarwa, ita kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi kuma tsohon shugabanta. A shekarar 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar da ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27 domin musayar bayanai.

Misali daga kudancin Kano

Ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna kudancin jihar Kano, kuma suna da wuraren da nazarinsu ke buƙatar bayanan shekaru masu yawa. Akwai Madatsar Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974, da Dajin Falgore a Tudun Wada da Doguwa, da tsofaffin wuraren haƙar kuza a Riruwai.

Wanda yake son sanin yadda Dajin Falgore ya sauya zai kwatanta hotunan tauraron ɗan adam na Landsat, wanda ya fara aiki a 1972, aka kuma buɗe hotunansa kyauta a 2008. Hotunan suna da nauyi, don haka suna buƙatar intanet mai sauri da babbar ma'ajiya. Haka nan, ma'aunin ruwan Tiga ba ya amfani sai an rubuta rana da wurin da aka auna shi.

Hira da manoman masara a Ƙiru kuwa tana ɗauke da sunaye da muryoyi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan, shi ya sa ake neman yardar manomi, a kuma cire sunansa kafin a raba bayanan.

Matsaloli

Manyan matsalolin su ne ɗaukewar wutar lantarki, da tsadar intanet, da ƙarancin ƙwararru. Akwai kuma al'adar barin bayanai a kwamfutar mutum ɗaya. Idan ta lalace ko aka sace ta, ba za a iya komawa a sake auna daminar da ta wuce ba.