Filin jirgin saman Katsina: Daga jigilar alhazai zuwa aikin tsaro

Duk wanda ya tsaya a Magama, inda ake tsallakawa daga Jibiya zuwa Jamhuriyar Nijar, manyan motoci zai gani shaƙe da kaya sun nufi Maraɗi ko suna fitowa daga can.

Kimanin kilomita 45 daga nan akwai filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, wanda shi ne mafi kusa da wannan iyaka ta ɓangaren Nijeriya. Sai dai tarihinsa ya nuna cewa aikin Hajji da harkar mulki da tsaro su suka raya shi, cinikin kan iyaka kuwa ya ci gaba da bin hanyar mota.

Inuwar Kano

A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a shekarar 1925, lokacin da wasu jirage uku na sojan saman Birtaniya suka taso daga Masar. Zuwa 1936 jiragen fasinja sun fara zirga-zirga ta birnin.

Shekaru da dama bayan haka, Bakatsinen da zai hau jirgi sai ya yi tafiyar kusan kilomita 170 zuwa Kano. Haka maniyyata daga Jibiya da Daura da Funtuwa suka riƙa yi, wasu har su kwana a sansanin alhazai suna jiran jirgi.

Ƙirƙiro jihar Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi a watan Satumban 1987 ya ƙara wa birnin bukatar filin jirgi irin na hedikwatar jiha.

Jigilar alhazai

Babban abin da ya sauya matsayin filin shi ne faɗaɗa hanyar tashi da saukar jirage. Jirgi ƙirar Boeing 747, wanda kan ɗauki maniyyata fiye da 400 a sawu guda, yana bukatar doguwar hanya mai ƙarfi kafin ya iya tashi da wannan nauyi. Bayan aikin ne alhazan jihar suka samu damar tashi daga gida zuwa Saudiyya.

An sanya wa filin sunan Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya kuma rasu yana shugaban ƙasa a watan Mayun 2010.

Kamfanin Max Air na ɗan kasuwar Katsina Alhaji Ɗahiru Mangal, wanda ya yi fice wajen jigilar alhazai, ya fara ɗaukar fasinjoji a cikin gida a 2018. A zamanin mulkin Muhammadu Buhari kuma, daga 2015 zuwa 2023, a nan jirginsa kan sauka kafin ya wuce Daura.

Tsaro da iyaka

Da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana, rundunar sojan saman Nijeriya ta kafa sansani a Katsina, inda jiragen yaƙi ke tashi zuwa dazuzzukan yankin.

Ita kuwa iyakar ta sha rufewa. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe ta, aka kuma dakatar da zirga-zirgar jirage tsakanin ƙasashen biyu, har zuwa Maris na 2024 da Nijeriya ta janye takunkumin.

Dalilin da ya sa fataucin yankin bai koma sama ba a fili yake. Hatsi da dabbobi da siminti kaya ne masu nauyi, kuma kuɗin dakonsu a jirgin sama zai cinye ribar.

Wannan ne ya sa hankalin 'yan kasuwa ya fi karkata ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, aka kuma tsara zai ratsa ta Katsina da Jibiya.