Kalmar sirri ta wifi

Managil gari ne a ƙasar Sudan, cikin jihar Jazira, yamma da birnin Wad Madani. Jazira da Larabci tana nufin tsibiri. An ba yankin wannan suna domin yana tsakanin koguna biyu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, waɗanda suke haɗuwa a Hartum. A shekarar 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar. Daga can ake koro ruwa zuwa gonakin auduga, da dawa, da gyaɗa, da alkama. A ƙarshen shekarun 1950 aka soma haƙa sababbin magudanai, ruwa ya kai har ƙasar Managil.

Akwai Hausawa da yawa a wannan yanki. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Hausa za su aikin hajji, wasu a ƙafa, wasu a kan jakuna. Wasu kuma sun zo bayan yaƙin Burmi na 1903. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu suna jin Hausa da Larabci.

Saƙo daga Jidda

A wani ƙauye kusa da Managil akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023 ya sa makarantu sun daɗe a rufe, karatunta ya koma baya. Kawunta da yake aiki a Jidda ya aiko mata da tabilet, wato allon zamani, don ta riƙa bitar darussa. Kaka ma ta yi murna, domin ta daɗe ba ta ga fuskar ɗanta ba.

Yarinya ta kunna allon. Ya yi haske, amma ya ƙi kiran kowa. Ta ce wa wanta: "Yaya, ko ya lalace a hanya?" Ya duba, ya ce: "Lafiyarsa lau. Kalmar sirri yake nema."

Mene ne wifi?

A gidan akwai wani ƙaramin akwati mai fitilu da ake kira rauta. A cikinsa akwai katin sim irin na salula. Rauta yana karɓo intanet daga dogon ƙarfen kamfanin waya, sa'an nan ya rarraba wa wayoyin gida ta iska, kamar yadda tashar rediyo take aika murya. Wannan hanya ita ce wifi. An sa mata wannan suna a 1999. Ba ta kaiwa nesa, kuma katanga mai kauri tana rage mata ƙarfi.

Manoman Jazira sun san abin da ya yi kama da haka. Ruwa yana fitowa daga madatsa, ya bi babbar magudana, ya shiga ƙarama. Ba ya isa gona sai an buɗe ƙofar ruwa. Rauta shi ne ƙofar, kalmar sirri kuwa mabuɗinta. Tilas kalmar ta kai haruffa ko lambobi 8 ko fiye. Wayar da ta taɓa shiga tana riƙe ta, shi ya sa mutanen gida sukan manta da ita, sai ran da sabuwar na'ura ta zo.

Ina ake samun ta?

Hanya ta farko: a juya rauta, a duba ƙasansa ko bayansa. Akwai ƴar takarda a manne. A kanta an rubuta sunan wifi, kusa da haruffan SSID, an kuma rubuta kalmar sirri da kamfani ya sa. A rautan tafi-da-gidanka, takardar takan kasance a cikin murfi, wajen batir.

Hanya ta biyu: a tambayi babban da ya kafa rautan. In ya sauya kalmar, ta jikin takarda ba za ta yi aiki ba.

Hanya ta uku: a nemi wayar da ta riga ta shiga. Wayoyin Android, tun daga Android 10 na 2019, suna iya nuna wani zane mai kusurwa huɗu da ake kira QR. A buɗe wurin wifi, a taɓa sunan na gida, a zaɓi rabawa. Sabon allo ya ɗauki zanen da kyamararsa, sai ya shiga. Wayoyi da yawa suna nuna kalmar a ƙarƙashin zanen.

Hanya ta huɗu: rauta yana da shafinsa. Da wayar da take haɗe da shi, a rubuta adireshin da yake jikin takarda, kamar 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Shafin zai nemi wata kalma ta mai kula da rauta. Kada a rikita su, kalmomi biyu ne daban. Wannan aikin manya ne.

Hanya ta ƙarshe: a bayan rauta akwai wani ɗan rami. In aka danna cikinsa da tsinke wajen daƙiƙa 10, rauta ya manta da duk abin da aka sauya, ya koma kan kalmar kamfani. Daga nan kowace waya ta gidan sai an sake shigar da ita. In rubutun takardar ya goge, kada a danna. Yaro ba ya yin wannan sai da izinin iyaye.

A lura da haruffa

Yarinya ta karanta takarda, wanta yana rubutawa. Da farko haruffan Larabci ne suka fito, sai ya mai da allon zuwa haruffan boko. Ya kula da kyau, domin babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne: A daban, a daban. Sifili (0) yana kama da harafin O, lambar 1 tana kama da ƙaramin l. Ya taɓa hoton ido da yake gefe don ya ga abin da ya rubuta. Duk da haka allo ya ƙi.

Inna ta leƙo ta ce: "Ai Babanku ya sauya ta tun bara. Ga shi yana gona, sai magariba." Kaka ta ce: "Ni dai ku yi dabara, ƴaƴan nan." Sai yayan ya ari wayar Inna, ya fito da zanen QR. Allo ya ɗauka, alamar wifi ta bayyana a sama. Ba da jimawa ba fuskar Kawu ta cika allon. Kaka ta matso, ta gyara mayafi, ta ce: "Kai, ka rame! Ba ka cin abinci ne?"

Don me ake ɓoye ta?

Intanet da kuɗi ake sayen sa, kuma yana ƙarewa. In kowa ya shiga, na wata guda sai ya ƙare tun wata bai raba ba, kuma aiki ya yi nauyi. Mugun mutum ma yana iya shiga ya yi ɓarna. Shi ya sa ba a gaya wa kowa kalmar sai da yardar mai gida. Shiga wifin maƙwabci ba izini kamar karya kunya ne a janye ruwan gonarsa. Mai bukata ya yi sallama ya roƙa.

Kalma mai kyau doguwa ce, ta haɗa haruffa da lambobi. Ba a sa 12345678, ko lambar waya, ko sunan ɗan gida, domin suna da sauƙin cinta. Da Baba ya dawo, ya rubuta tasu a littafi, ya ajiye a akwatin takardun gida.

Kalmomi

kalmar sirri: le mot de passe
rauta: le routeur
allon zamani: la tablette
babban harafi: la majuscule
ƙaramin harafi: la minuscule
madatsar ruwa: le barrage

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suka sa Jazira a tsakiya?
2. Me ya kai Hausawa ƙasar Sudan?
3. Don me kalmar jikin takarda ta ƙi aiki?
4. Yaushe ne bai kamata a danna ramin bayan rauta ba?
5. Tsakanin 12345678 da Rani7Gyada42, wace ta fi wuyar cinta? Don me?