Sandar lantarki ba ta ɗaga garma, amma tana da aikinta

Ana ta yaɗawa a tsakanin masu tarakta cewa zamanin haidirolik ya ƙare: a cire silinda, a ɗaura sandar lantarki mai turawa da ja, a huta da sayen mai da ɗinkin tiyo. Maganar na da gaskiya a wani gefe, amma wanda ya ɗauke ta gaba ɗaya zai yi asarar kuɗi a tsakiyar damina.

A fara da ƙarfi, domin nan ne jita-jitar ta fi kaucewa. Famfon tarakta yana matsa mai da matsin kimanin bar 180 zuwa 200. Da wannan matsi, silinda mai faɗin milimita 63 tana tura fiye da tan 5. Sandar lantarki mai aiki da batir ɗin bolt 12, ko da irin mai kyau ce kamar LA36 ta kamfanin LINAK, iyakarta wajen tan 1, kuma a hankali take tafiya idan nauyi ya hau ta. Ɗaga garma, rija ko juye tirela cike da masara ya fi ƙarfinta.

Akwai kuma abin da dillalai ba sa ambata. Motar da ke cikin sandar tana zafi, don haka yawancin sandunan minti biyu ko uku suke aiki su nemi hutu mai tsawo. Idan garma ta bugi kututture, bawul ɗin haidirolik yana sakin mai ya shanye dukan. Sandar lantarki kuwa haƙoran giyarta da kusoshinta ne ke karɓa, su lanƙwashe ko su karye.

Gaskiya ne ba ta yoyon mai, kuma tana tsayawa daidai inda aka ce, milimita da milimita. Shi ya sa injinan girbi na zamani ke amfani da ita wajen saita rariya, injin baza taki kuma wajen buɗe ƙofa gwargwadon takin da ake so. A irin waɗannan wurare ni ma ita zan zaɓa.

Masu kafa hujja da motar aiki ta Bobcat T7X, wadda aka nuna a Amurka a 2022 ba silinda ko ɗaya, su sani tun daga tushe aka ƙera ta da babban batir na musamman. Altanetar tsohuwar Massey Ferguson ba za ta ciyar da irin wannan ba.

Wanda zai sayi sandar lantarki don ƙaramin aiki ya duba alamar IP66 saboda ƙurar hunturu da ruwa, ya sa fiyus, ya kuma ja waya mai kauri, domin takan ja amfiya 20 idan an matsa mata.