"Wutar sola ba ta ja", amma tana cin ɗaki

Duk wanda ya taɓa zama wurin masu gyaran rediyo da waya ranar kasuwa, a Falanko ko Tanut ko Belbeji, ya san maganar. Mutum zai zo da tsohuwar fitila, ko ta ƙwai da aka daina zuba wa kananzir, ko ƴar caji da ta mutu, ya ce a fitar da kayan cikinta a sa mata ƙwan LED, a ja mata waya zuwa batirin sola. In mai gyara ya ce a sayi waya mai kauri, sai ya ce: "Haba malam, wutar sola ce fa, ba ta ja!" Da wannan magana ake rufe bakin kowa, kuma ita ce ke damuna.

Gyaran kansa abin yabo ne. Ya raba yara masu karatun dare da hayaƙin kananzir, ya rage kuɗin batir. Dole ce ma ta kawo shi. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Matatar mai ta SORAZ tana nan cikin yankin Tanut tun 2011, amma mafi yawan ƙauyukan Damargu da hasken da suka haɗa wa kansu suke kwana. Da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, har mutanen Damagaram da Maraɗi suka koma ga faifan sola da batir.

Gaskiya ne bolt 12 ba ya fizgar mutum in ya taɓa waya da busasshen hannu. Sai dai abin da ke jan mutum daban, abin da ke ɗumama waya daban. Ƙarfin turawa, wato bolt, shi ke ratsa fata. Zafi kuwa yawan wutar da ke bi ta cikin waya ne ke kawo shi, ita ake aunawa da amfiya.

Mu ɗauki burtali, tunda kowa a Damargu ya san shi. Waya burtali ce, wutar da ke bi garke ne. Shanu goma za su wuce ta ƙunƙuntar burtali lami lafiya. Ka turo ɗari biyu a lokaci ɗaya, sai gogayya da turereniya, shinge ya karye, gonar mutane ta ɓaci. Abin da jama'a ba su lura da shi ba: idan bolt ya yi ƙasa, garken ne ke ƙaruwa. Ƙwai mai wat 12 a layin kamfanin lantarki na NIGELEC mai bolt 220 ɗan abin da yake ja bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba. Ƙwai mai wat 12 a batir mai bolt 12 amfiya ɗaya cur yake ja, ninki 18 ke nan. Kuma in wutar ta ninka biyu, zafin waya ninkawa huɗu yake yi. To ga siririyar wayar sifika da aka ja wa fitila, gobe an rataya mata fanka, jibi talabijin da cajin wayoyin maƙwabta.

Mafi muni shi ne ranar da wayoyin biyu suka haɗu, ko ɓera ya gwaguye, ko bakin ƙarfen fitilar ya yanke robar. Batirin sola, kamar wanda ke tayar da injin mota, yana iya zubo ɗaruruwan amfiya nan take. Cikin ƴan daƙiƙoƙi waya ta yi ja wur, roba ta narke tana ɗiga. A ina aka bi da wayar? Ta jikin zana, ta ƙarƙashin jinka, ta bayan katifar soso. Ga iskar hunturu, ga rumbun hatsi a gefe, ga ƴan kwana-kwana can nesa. Wanda ya tuna gobarar makarantar zana ta Maraɗi a watan Nuwamban 2021, wadda ta ci yara sama da 20, ya san ciyawa ba ta ba mutum lokacin ɗebo ruwa.

Maganin ƙarami ne, kuma yana nan wurin masu kayan mota da babur: fis. A sa shi a jar wayar da ta fito daga batir, kusa da kan batirin, kada tazarar ta wuce ɗani ɗaya. Na amfiya 3 ko 5 ya ishi fitila ɗaya ko biyu. In ya ƙone, aikinsa ya yi. A nemi abin da ya ƙona shi. Masu maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin taba sun cire fis ɗin ke nan baki ɗaya.

Sai waya. A nemi ta jan ƙarfe mai kaurin 1.5, a kankare bakinta da wuƙa kafin a biya. In fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyam ce aka shafa wa ja, ta fi saurin zafi da karyewa. Mahaɗa kuma a liƙe ta da dalma ko a ɗaure da ƴar mahaɗar da ake kira domino. Murɗawa da hannu a naɗe da baƙar leda shi ne inda zafi ke fara taruwa. Inda waya ta ratsa ƙarfen fitila a sa guntun roba, a yi ƙulli daga ciki, don in yaro ya ja kada mahaɗar ta tsinke. Ƙananan batiran nan na cikin fitilun caji bolt 4.2 ne iyakarsu, faifan da ake kira na bolt 12 kuwa yana kai 18 zuwa sama da rana tsaka. Haɗa su kai tsaye neman fashewa ne.

Da zarar an sa inbata, na'urar da ke ɗaga ƙarfin wutar batir, maganar "ba ta ja" ta ƙare. Bolt 220 ke fitowa, yana kisa kamar na NIGELEC. A nan makunni a kan waya mai wuta yake zama, fitila mai jikin ƙarfe kuma sai da waya ta uku mai zuwa ƙasa. Wanda bai koya ba ya kai wa wanda ya koya.

Hukumomi na yawan maganar kai hasken rana karkara, ga hukumar ANPER da aka kafa don kai lantarki karkara. Amma wayar da ake aunawa da mita a kasuwannin ƙauye wa ke duba ta? Samarin da ke wannan gyara da ido suka koya, kuma suna da basira. Horon yini biyu a cibiyoyin koyon sana'a, da ɗan shiri a rediyon karkara, zai canza aikinsu. Kafin a yi hakan, maigida, ka je wurin batirinka yau ka bi jar wayar da hannu. In ba ka ci karo da fis ba, cire ta daga kan batir kafin ku kwanta, ranar kasuwa ka sayo.