Yadda wasan kwaikwayo ke rage gabar siyasa, ko ya ƙara mata wuta

Bayaninmu na yau ya shafi masu shirya wasan kwaikwayo na rediyo, da ƴan fim, da samarin da ke haɗa bidiyon barkwanci a wayar salula, ya kuma shafe mu duka masu kallo da saurare. Tambayar ita ce: in an zo nuna mutumin da ke ɗaya ɓangaren siyasa, wace kama ake ba shi, kuma mi wannan kamar ke haifarwa a cikin gari?

Kowa ya san salon da aka saba. Ana fito da ɗan wancan ɓangare da ƙaton ciki, ga kwaɗayi, ga wauta, ba ya buɗa baki sai ƙarya. A yi dariya a watse. Sai dai yawancinmu ba mu cika zama mu yi doguwar hira da wanda muka saɓa da shi a siyasa ba, don haka siffar da muke riƙe da ita a kansa daga waƙa, wasa da saƙon WhatsApp take zuwa. In kullum mugu ake nuna mana, sannu a hankali sai mu ɗauka duk mutanensa haka suke.

An auna wannan kuskure a Amurka. A wani bincike da masana biyu, Douglas Ahler da Gaurav Sood, suka fitar a 2018, an tambayi mutane su ƙiyasta kashi nawa ne na magoya bayan jam'iyyar Rifablikan ke samun sama da dalar Amurka dubu 250 a shekara. Amsar da suka ba da ta kai kashi 38 cikin 100. Gaskiyar lamarin kuwa kusan kashi 2 ne kawai. Ke nan mutane suna jin haushin wani abokin hamayya da suka ƙera a ransu, wanda da wuya su gamu da shi a kasuwa. Binciken ya kuma nuna cewa in aka gyara musu lissafin, ƙyamar takan ɗan sauka.

Mu da ke aikin rediyo, darasin da ya fi kusa da mu yana ƙasar Ruwanda. A 1993 aka buɗe wata tasha mai suna RTLM. Tana sa kiɗan da samari ke so, tana raha, tana kuma kiran ƴan ƙabilar Tutsi kyankyasai, tare da zagin ƴan Hutu masu sassaucin ra'ayi da ƴan adawa. Daga Afrilu zuwa Yulin 1994, cikin kwana kusan 100, aka kashe mutane kimanin dubu 800. A 2003 kotun duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta samu wasu jagororin tashar da laifi. Abin da ya faru a can ya wuce saɓanin jam'iyya nesa ba kusa ba, amma mafarinsa ɗaya ne: a cire wa mutum kamar ɗan Adam a idon maƙwabcinsa.

Shekara 10 bayan haka, a 2004, wata ƙungiya mai suna La Benevolencija ta fara watsa wasan rediyo da ake kira Musekeweya, ma'ana sabuwar safiya. Labarin wasu ƙauyuka biyu ne na ƙirƙira, Bumanzi da Muhumuro, da ke rikici a kan ƙasar noma. Ba a ambaci Hutu ko Tutsi a ciki ba. A kowane ƙauye akwai mai kirki, akwai matsoraci, akwai mai zuga. Akwai saurayi da budurwa, Shema da Batamuriza, da ke son juna alhali garuruwansu na gaba. Har mai ingiza fitinar, Rutaganira, an nuna yadda talauci da ɓacin rai suka kai shi ga mugunta, aka kuma nuna ya yi nadama daga baya. Mai saurare ba ya iya cewa wancan gari na miyagu ne, wannan na salihai.

Wata masaniya ƴar Amurka, Elizabeth Levy Paluck, ta bi diddigin wasan tsawon shekara guda. An raba masu saurare rukuni-rukuni: wasu suna jin Musekeweya, wasu suna jin wani wasa kan kiwon lafiya. Sakamakon da ta fitar a 2009 ya nuna wasan bai sauya abin da mutane suka yi imani da shi a kan tushen rikici ba. Abin da ya sauya shi ne yadda suke ganin abin da ya dace a yi a cikin jama'a: yarda da auratayya tsakanin ɓangarori, amincewa da maƙwabci, da faɗin ra'ayi a fili ko da ya saɓa wa na mutane.

An ma ga haka a aikace. Da aka ƙare binciken, an bar wa kowane rukuni rediyon da kaset-kaset ɗin, aka ce su shirya yadda za su yi amfani da su. Waɗanda suka ji wasan kiwon lafiya galibi sukan ce a miƙa wa shugaban gari ya riƙe, magana ta ƙare. Masu jin Musekeweya kuwa sukan yi muhawara, wani ya ce bai yarda ba, har su daidaita kan yadda za su riƙa kula da kayan tare. Wato sun koyi yin gardama ba tare da an ɓata ba, kuma wannan shi ne abin da siyasa ke bukata.

Amma akwai gargaɗi. A gabashin Kwango an gwada haɗa irin wannan wasa da wani shirin da ke ƙarfafa masu saurare su tattauna batutuwan a tsakaninsu. Da Paluck ta auna, sai ta tarar waɗanda suka ji shirin tattaunawar sun fi yawan magana, amma sun fi nuna rashin haƙuri da ɗaya ɓangaren. Da aka ba su gishiri aka ce su ɗiba wa mabukata na rukunin da ba sa so, sun ba da ƙasa da na sauran. Darasi ne gare mu masu buɗe layin waya: tara mutane masu ra'ayi ɗaya su yi ta magana ba tare da jagora ba yana iya ƙara taurin kai.

To, mi ake nufi da yi wa abokin hamayya adalci a cikin wasa? Na farko, a sa masa hujjarsa a baki yadda shi kansa zai faɗe ta, har in ya ji ya ce lalle haka nake nufi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na biyu, a ba shi gida da gona da uwa da bashi, kamar kowa. Na uku, kada laifi ya taru a ɓangare ɗaya, don laifi tudu ne, kowa yana taka nasa ya hango na wani. Na huɗu, a nuna mutum biyu da suka saɓa kuma suka ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya.

Wani zai ce, ashe za a rufa wa ɓarawo asiri ke nan? A'a. Wanda ya ci dukiyar jama'a a nuna ya ci, a yi masa dariya son rai. Abin da ake gudu shi ne a shafa laifinsa ga duk wanda ya taɓa bin sa, ko ga garinsu, ko ga ƙabilarsu.

Mu a Nijar muna da gadon da za mu dogara da shi. Wasan kara na Damagaram yana kwaikwayon manya da masu mulki a bainar jama'a, kowa ya yi dariya ya koma gida lafiya. Wasannin su Yazi Dogo sun daɗe suna taɓa halayen mutane a telbijin. Taubasantaka kuma, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014, ta koya mana tsokanar da ke da iyaka: ka zolayi taubashinka yadda kake so, amma ranar da ya shiga uku kai ne na farko a ƙofarsa.

Tun bayan babban taron ƙasa na 1991 mun ga yadda siyasa ke shiga tsakanin wa da ƙane, ta raba fadar shayi gida biyu, yanzu kuma ta koma cikin rukunonin WhatsApp na dangi. Don haka kiranmu ga marubuta da ƴan wasa shi ne su duba mutumin da suka ƙera kafin su sake shi. Ku kuma ƴan uwa na gida da na waje, kafin ku tura bidiyon da ya ba ku dariya, ku tambayi kanku: in kawuna da ke wancan ɓangare ya gani, zai gane kansa a ciki? Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.